Ranar da matar abokina ta ajiye kunya

Shekarun baya, lokacin da na dawo gida Ƙofa daga bautar ƙasa ina zaman jiran aiki, wani abu ya faru da har yau ban gama sauke shi daga raina ba. Kafin in shiga labarin bari in faɗi gaskiya: an daɗe, kuma ban rubuta komai ba a lokacin. Mai yiwuwa na haɗa tafiya biyu na mai da su ɗaya, mai yiwuwa kuma maganar da zan jingina wa wani, wani daban ne ya faɗe ta. Inda na tabbatar zan ce na tabbatar, inda nake shakka zan ce ina shakka. Waɗanda suka san ni sun san na biyun ya fi yawa a bakina.

Ina da aboki Bafulatani wanda muka yi sakandare tare. Rugarsu tana bayan Badafi, a ƙasar Kiru. Da damina suna noma dawa da masara, in an gama girbi kuma a kora shanu kudu wajen Doguwa, ba a dawowa sai ruwa ya sauka. Bayan rasuwar mahaifinsa bai ci gaba da karatu ba, ya koma ya riƙe garke, amma zumuncinmu bai yanke ba. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, ita ke kawo wa mahaifiyata nono da man shanu tun ina yaro. Ba ta taɓa kirana da sunana ba. Kaɗo take ce mini, in tana jin tsokana ta ce Kaɗo mai biro.

A shekarar Babbar Sallah ta faɗo cikin damina. Na ari babur na je yi musu barka da Sallah, ina isa hadari ya taso, muka shige bukkar Inna. Tana zaune da wata 'yar yarinya a cinyarta, wadda a ƙiyasina ba ta fi shekara biyu ba, an yi mata kitso an ja mata kwalli. Inna ta ce tunda Allah ya kawo ni da wayata, in ɗauke ta hoto da autarta.

Yarinyar ba autar Inna ba ce, 'yar abokina ce ta fari. Tun da aka yaye ta Inna ta ɗauke ta, kamar yadda ake yi a wajensu, ta zama tata. Uban da ya haife ta Hamma take ce masa, wato yaya, uwar kuma Adda, wato yaya mace. Su biyun ba sa kiran sunanta, ba sa ɗaukarta a gaban mutane, in ta zo wucewa sai su kau da kai kamar 'yar maƙwabta ce.

Bukkar da duhu, saboda haka fitilar wayar ta kunna kanta. Da na duba hoton sai na ga idon yarinyar na dama daidai yake, na hagu kuwa tsakiyar baƙinsa fari fat, yana ƙyalli kamar idon mage in tocila ta haske ta. Na goge gilashin wayar da bakin rigata na sake ɗauka. Haka ya sake fitowa. Inna ta leƙa ta ce wayata ta tsufa kamar mai ita, in sayar da ita in yi aure. Muka yi dariya, aka kawo fura, ruwa ya ɗauke na tafi.

A hanya ne abin ya fara cina. Na tuna a sansanin bautar ƙasa wata likita ta taɓa yi mana bayani a kan lafiyar yara. Ana zafi ranar, kuma rabin bayanin ina gyangyaɗi, amma wata magana ta maƙale mini: in an ga fari a tsakiyar idon ƙaramin yaro, musamman a hoto, kada a jira, a kai shi wajen likitan ido. Ta ce zai iya zama yanar ido, zai iya kuma zama ciwon daji da ke tsirowa a can cikin idon, wanda in an kama shi da wuri ana warkewa, in an bar shi yana kashewa. Da na isa gida na yi bincike a waya. Hotunan da na gani na yaran da aka makara kai su asibiti sun hana ni cin naman Sallah. Na yi ta gaya wa kaina cewa ni ilimin ƙasa na karanta, duwatsu da taswira na sani, ba ido ba. Sai in sake buɗe hoton.

Bayan 'yan kwanaki na koma rugar. Na tarar da abokina a gindin ɗorawa tare da baffanninsa. Na durƙusa na gaishe su yadda ya kamata, na tambayi shanu, na tambayi ruwa, sannan na miƙa masa wayar a gabansu na ce ya dubi idon 'yarsa. Haka na faɗa, 'yarka. Bai karɓi wayar ba, bai ma kalle ta ba. Ya miƙe ya ɗauki sandarsa ya ce kamar wata saniya ta shiga gonar mutane, ya tafi. Ɗaya daga cikin baffannin ya gyara murya ya tambaye ni yadda dawa ta yi bana a Ƙofa. Na amsa masa a kan dawa, wayar tana hannuna a miƙe.

Na dawo gida raina a ɓace. Na gaya wa mahaifiyata cewa mutumin da ya yi sakandare ya ƙi kallon hoton 'yarsa. Tana tsintar wake, ba ta ɗago ba, ta tambaye ni ko tun da nake na taɓa jin ta kira sunan yayana. Ban taɓa ji ba, kuma na san dalili sarai. Ɗan fari ne. A gidanmu ma haka ne, nasu ne dai ya ninka namu. Tsoro ne ya sa na manta abin da na tashi a cikinsa. Ta ce yarinyar ta Inna ce, da Inna za a yi magana, in bari ranar kasuwa ta zo.

Ranar kasuwa Inna ta sauke ƙwaryarta a tsakar gidanmu, mahaifiyata ta kawo mata ruwa, suka daɗe suna hirar da ba ta shafi komai ba, sannan aka kira ni. Ashe Inna ta riga ta ga farin da idonta. Ta ce hakiya ce, wataƙila wutsiyar saniya ce ta taɓa shafar ta. Tana sa mata kwalli, ta sayo maganin ɗigawa a wani kemis, kuma tana wanke mata da rubutun wani malami mai makarantar allo a Badafi. Ta ce yarinya tana ci tana wasa, idon bai yi ja ba, ba ya ruwa, ba ta kuka da shi. Wane irin ciwo ne wannan da ba ya ciwo?

A nan ne halina ya yi mini illa. Na fara bayani: ban ce shi ne ba, amma akwai yiwuwar, kodayake ni ba likita ba ne, sai dai na ji an ce. Inna ta saurare ni har na ƙare.

"Kaɗo, shi ne ko ba shi ba ne?"

Na ce ban sani ba.

"To ran da ka sani ka zo."

Ta ɗora ƙwaryarta ta tafi kasuwa.

Daga nan na shiga zarya. Ban iya ƙirga sau nawa na je rugar ba, na dai san hanyar ta yi laka, na san inda babur ke kafewa, karnukan rugar ma sun daina yi mini haushi. In na je a ba ni fura, a yi mini dariya, Inna ta ce mai auren autarta ya zo zance. Ni kuwa in zauna ina satar kallon idon. A ganina ya fara ɗan karkata, amma ko wannan ban iya rantsewa a kai ba. Matar abokina takan gaishe ni daga nesa, kanta a ƙasa, ta koma ga daka ko tatsar nono. Ban taɓa jin muryarta ta wuce gaisuwa ba. Na soma gajiya, na soma kuma jin kunyar kaina, ƙato da digiri yana yawo da hoton 'yar mutane.

Wata rana da la'asar ina dawowa, na yi nisa da rugar, sai na ga abokina tsaye a bakin hanya, sanda a kafaɗa. Na tsaya. Tun ranar ɗorawa ba mu yi wata magana ta kirki ba. Bai kalle ni ba, wani gyauron masara yake kallo.

"Abin da ka gani a idon yarinyar Inna," ya ce, "yana kashewa?"

Na buɗe baki zan fara mai yiwuwa, sai na fasa. Na ce in shi ne, kuma aka bar shi, yana kashewa. Sannan ya ce shi ba zai iya tunkarar Inna da zancen yarinyar ba, ba a yi, amma Inna ba ta ƙetare maganar malamin nan na Badafi. Ya juya ya shiga cikin gonaki. A ranar na gane duk zuwan da nake yi yana lura, kuma shi ma ba barci yake yi ba.

Na sami malamin a zaurensa bayan an tashi yara. Dattijo ne mai sauƙin kai. Ya sa tabarau ya daɗe yana kallon hoton, ya yi mini tambayoyi, na amsa da shakkuna duka. Ya ce shakka ma dalili ce ta zuwa a duba. Abin da ya yi daga baya mahaifiyata ce ta ba ni labari, don ba na wurin: da Inna ta je karɓar rubutu, ya ce addu'a ba zai fasa ba, amma ba zai sake wanke mata allo ba sai ta je ta kawo masa abin da likita ya ce. Inna ta yi fushi, ta ce Kaɗo ya bi ta bayan gida. Amma ta shirya.

Mun fara da wani ƙaramin asibiti da ke kusa. Ma'aikacin ya haska idon da tocila, sannan ya sa tafin hannunsa ya rufe idon mai farin. Yarinyar ta ci gaba da wasa da murjanin Inna. Ya sauya ya rufe mai lafiyar. Nan take ta tsala ihu tana ture hannunsa tana lalube. Inna tana kallo. Ba wanda ya yi mata bayani, ita da kanta ta ga idon hagun ba ya gani. Ma'aikacin ya ce wannan ya fi ƙarfinsu, sai Kano.

Mu biyar muke tafiya: ni, Inna, yarinyar, abokina a matsayin mai ɗaukar jaka, da matarsa a matsayin mai riƙe wa Inna kwanon abinci. Haka aka faɗa a ruga, haka kowa ya karɓa. Mu fito da sassafe a babura zuwa bakin titi, mu shiga bas, matar ta zauna can baya tana kallon taga. A Kano kuwa sai layi. A yanki kati yau, a ce a dawo wani mako. A dawo, a ce a je a yi hoton ido. A kawo hoton, a ce sai an yi mata allurar barci an duba can cikin idanun biyu, kuma kada ta ci komai tun asuba. Ban zargi kowa ba, mutanen da ke jira sun fi masu dubawa yawa nesa ba kusa ba. Amma kowace dawowa sai na ga an ƙara yanke dawa a gonakin bakin hanya, kuma na san abin da hakan ke nufi. Baffannin sun fara zancen ranar tashin shanu. Inna ma ta fara cewa a wajen Doguwa akwai mai maganin ido da ba ya sa mutum layi, in shanu sun tashi za ta bi su da autarta.

Ranar da aka ba mu sakamako, likitan ya kira mu duka cikin ofishinsa. Ba tsoho ba ne, kuma da gani ya kwana biyu bai huta ba. Ya yi magana da Hausa a hankali. Ya ce ciwon daji ne. Ya cika idon hagu, idon ba zai ƙara gani ba ko me aka yi. Na dama lafiyarsa ƙalau. A iya abin da suka gani ciwon bai fita daga cikin idon ba tukuna, amma in aka bar shi zai bi jijiya ya tafi ƙwaƙwalwa, kuma daga nan ba abin da zai iya yi mana. Shawararsa a cire idon, a bi da magani.

Inna ta ce a'a. Ba da faɗa ba. Ta ce da ido biyu ta kawo ta, da ido biyu za ta mayar da ita. Idon da ba ya gani ai yana nan a mazauninsa, ba wanda ya sani. In aka ƙwaƙule shi me za ta ce da mutanen ruga, me za ta ce da yarinyar in ta girma? Likitan ya sake bayani, ta sake faɗin abin da ta faɗa. Sai ya tambaye ta ko ita ce mahaifiyar yarinyar. Ta ce ita ce. Ya dube ta, ya dubi yarinyar, ya ce yana nufin wadda ta haife ta, don aiki irin wannan yana son ya ji daga bakin uba ko uwa.

Ya juyo gare ni. Na ce ni abokin gidan ne kawai. Ina iya nuna abokina da yatsa, yana tsaye a bakin ƙofa rungume da jaka, amma na tuna gindin ɗorawa, na fasa. Likitan ya bi idona ya tambaye shi shi wane ne a wajen yarinyar. Abokina ya kalli siminti. Mahaifiyarsa tana zaune taku biyu daga inda yake. In ya amsa, ya ambaci 'yarsa ta fari a gabanta, kuma ya tsallake maganarta, duka a numfashi ɗaya.

"Ƙanwata ce," ya ce.

Likitan ya cire tabarau ya murza idonsa. Ya ce akwai mutane a waje, mu je mu yi shawara, amma don Allah kada mu daɗe. Inna ta miƙe, ta sunkuya ta ɗora yarinyar a baya, ta fara ɗaure zane. Ni dai na san in muka fita daga ɗakin nan an gama. Shanu za su tashi a makon, ba za mu ƙara ganin yarinyar ba sai damina, in mun gan ta. Ina tsaye ina haɗa jimlar da zan fara, ina rushewa.

"Likita, ni na haife ta."

Sai da na waiwaya don in tabbatar daga ina muryar ta fito. Matar abokina ce, tana tsugune a lungu, kwanon abinci a gabanta, mayafi ya rufe rabin fuskarta. Ba ta kalli kowa ba.

"Tun tana shan nono nake ganin abin nan. In na juya ta wajen ƙofa da safe sai ya haska. Ban gaya wa kowa ba."

Likitan ya tambaye ta me ya hana ta faɗa.

"Wa zan gaya wa ina kallon idonta?"

Ta ja mayafinta, ta ce a cire idon, a nuna mata inda za ta dangwala. Nas ta kawo takarda da tawada, ta dangwala yatsa. Sannan ta ja gwiwa zuwa gaban Inna ta ce ta yafe mata. Inna ta tsaya da bakin zane a hannu, ta daɗe tana kallonta. Ta faɗi wata magana gajeriya da Fulatanci wadda ban fahimta ba. Ta kwance goyon, ta ajiye yarinyar a kan kujera, ta fita ta zauna a baranda. Abokina bai motsa daga bakin ƙofa ba, hawaye na bin gemunsa, bai goge ba.

Zan so in ce daga nan komai ya yi sauƙi, amma ba haka aka yi ba. An yi aikin, an cire idon. Sannan aka shiga maganin da ake ƙara mata ta jijiya kamar ƙarin ruwa, zuwa bayan zuwa, wata da watanni. Gashinta ya zube, ta rame, in mun dawo sai ta yi ta amai a cikin bas mutane suna matsawa. Shanu sun tashi ba tare da abokina ba, karo na farko tun da ya karɓi garken. Ya damƙa su a hannun 'yan uwansa, ya sayar da bijimi, ya zauna. Bai taɓa cewa don me ya zauna ba. In an tambaye shi sai ya ce ƙafarsa ce ke damunsa.

Inna ta daɗe ba ta yi wa surukarta magana ba, ni kuma ta daina ce mini Kaɗo, sai dai ta gaishe ni kamar baƙo, wanda ya fi zagi ciwo. Amma ba ta fasa ko tafiya ɗaya ba. Ita ke goya yarinyar, ita ke kwana da ita a asibiti, kuma da aka sa mata idon roba ita ta fara koyon yadda ake cire shi a wanke. A ruga kuwa an yi ta magana. Na ji an ce matan sun daɗe suna nuna matar abokina da baki, wai wadda ta tsaya gaban surukarta da baƙon namiji ta ce ita ta haifa. Ni ma na gaji. Akwai ranakun da in na ga kiran abokina sai in bar wayar ta ɗan yi ƙara kafin in ɗaga, don na san wata tafiyar ce.

A ɗaya daga cikin zuwan na tambayi likitan a gefe: da an kawo ta tun lokacin da uwar ta fara gani, da an ceci idon? Ya ce ba zai iya rantsewa ba, amma sau da yawa in ciwon yana ƙarami ana iya kashe shi a bar idon, wani lokaci har da ganinsa. Ban gaya wa kowa wannan amsar ba a lokacin. Ina zaton uwar ta riga ta san ta.

Yarinyar tana raye. Wannan na tabbatar, don ko da Sallar da ta wuce na gan ta. Ta yi tsawo, tana zuwa makarantar allo, tana tallar nono da tsararrakinta, kuma in ba an gaya maka ba sai ka lura sosai kafin ka gane idon hagun ba nata ba ne. An daɗe ana mayar da ita ana duba na daman, har aka ce ba sai an riƙa zuwa akai-akai ba. Likitan ya ce wani lokaci abin yana bin jini, saboda haka duk ƙanin da aka haifa mata a kawo shi da wuri. Uwar ce da kanta ke ɗaukar kowane jariri ta kai Kano tun kafin ta gama wankan jego, ba ta jiran kowa ya ce mata. Amma har yau yarinyar Adda take ce mata, kuma har yau ban ji ta kira sunanta ba.

Mutane kan so in ce al'adar ce ta yi laifi, ni kuwa ban iya faɗin haka kai tsaye ba. Na ga yadda kunyar nan ta sa yarinya ta tashi da uwa biyu, na ga tsohuwa tana kwana a kan siminti saboda ita. Abin da ke damuna kawai shi ne, wadda ta fi kowa kallon idon ita ce wadda ba ta da bakin magana, kuma ta ɗauki abin ita kaɗai tun daga shayarwa har zuwa ofishin likita. In na tuna wannan sai in ji gajiyar ta dawo mini sabuwa. Saboda haka in kun ga fari a tsakiyar idon ƙaramin yaro, a hoto ko a fili, ko kuka ga idon ya karkata, ku kai shi a duba ko da ba ya kuka da shi. Ba lallai ne ya zama ciwon nan ba, akwai wasu abubuwan da ke kawo haka, likita ne zai bambance. Ku kuma kakanni da goggonni, ku da aka yarje muku ku yi magana, ku riƙa jan uwar gefe kuna tambayarta ko ta ga wani abu. Mai yiwuwa ta gani.

Na nemi izinin abokina kafin in rubuta wannan. Ya ce in rubuta, ai labarin yarinyar Inna ba ɓoyayye ba ne. Ita Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta ya sa ta huta. Kafin rasuwarta ta koma ce mini Kaɗo, ta kuma koma cin abinci kwano ɗaya da surukarta.

Na san cikin masu karanta wannan akwai 'yan Ƙofa da Badafi da suka ga wani ɓangare na abin, wataƙila har da wanda ya yi aiki a asibitin a lokacin. In na sa wani abu a inda ba nan yake ba, ko na ɗora wa wani maganar da ba tasa ba, ku aiko mini in gyara, ba zan ji haushi ba. Abu ɗaya ne na fi so a taimake ni da shi. Maganar da Inna ta faɗa da Fulatanci kafin ta kwance goyon, na tambayi abokina ya ce bai ji ba, matarsa kuwa ba zan iya tambayarta ba. Ƙofar ofishin a buɗe take ranar, kuma akwai Fulani a kan bencin waje. In akwai wanda ya ji, don Allah ya gaya mini ko yafewa ce.